Mai Wanki da Farar Riga

Karo na uku ke nan da Mai Wanki ta tsaya a gaban teburin ɗakin taimakon gaggawa, hannuwanta har yanzu da santsin sabulu, kuma karo na uku ke nan da Sista ta amsa mata da tsakiyar kai, idonta na kan littafin da take cikawa.

"Don Allah Sista, mutumin can mai rigar fenti, daga tsani ya faɗo. Cikinsa na kumbura, jikinsa ya yi sanyi. A duba shi yanzu, don Allah."

"Yana jini?"

"Ba a waje ba."

"Ya karye?"

"Ban sani ba Sista, amma..."

"To ya bi layi. Ke kuma ki koma bakin aikinki, nan ba ɗakin wanki ba ne."

Wato dai Sista ta ga koriyar rigar, ita kaɗai kuma ta gani. Shekara goma sha tara Mai Wanki ta yi tana wanke zannuwan gado da rigunan asibitin nan. Rigar da ke jikin Sista a wannan safiya ma daga hannunta ta fito, ita ta zauna da ɗan buroshi ta cire mata tabon biro a bakin aljihu. Amma da za a tsayar da Sista a ce ta siffanta matar da ke kawo mata kaya a ninke duk ranar Litinin, iyakar abin da za ta iya cewa shi ne koriya ce.

Ta koma benci. Maigidanta na jingine da bango, ya karkace ta gefen hagu, hannu biyu dafe da ƙasan haƙarƙari. Mai fenti ne, kuma tun kafin ta aure shi ba a kiran sa da wani suna sai Bakan-gizo, saboda rigar aikinsa: shuɗi na shagon wani, rawaya ta bangon wata makaranta, ja na ƙofar da ya gama makon jiya. Duk ginin da ya shafa sai ya bar masa shaida. Da safen nan tsani ya zame da shi daga hawa na biyu, ya faɗo a kan bakin bokitin fenti. Abokan aikinsa suka ɗauko shi suka ajiye a nan, suka aika a kira ta daga bayan asibiti, suka koma. Sun ɗauka tunda matarsa a nan take aiki, ai magana ta ƙare.

"Hajiyar Kumfa," ya ce, yana ƙaƙaro murmushi, "ashe a gidanku ma ba ki da faɗa a ji."

"Rufe bakinka ka adana numfashinka."

"Ƙishi nake ji."

Ba ta ba shi ruwa ba. Ta dafa goshinsa, ta ji gumi mai sanyi. Leɓensa ya yi fari, cikinsa ya ɗaga a ƙarƙashin rigar, ya yi tauri. Ita ba likita ba ce, ko sunan magani ɗaya ba ta iya karantawa da sauri. Sai dai ta sha ganin waɗanda suka shigo da irin wannan leɓen, kuma ta san zanin da ake aiko mata daga baya. Tsoro ya kama ta.

Ana haka sai ga wani mutum ya shigo, ƙamshin turarensa ya riga shi isowa. Farin yadi ne a jikinsa, an yi masa guga har yana amsa hasken fitila, takalmi na sheƙi, agogo na rawa a tsintsiyar hannu. Ya naɗe ɗan yatsa ɗaya da hankici, wai ƙofar mota ce ta datse shi. Sista ta miƙe tsaye kamar an tsikare ta.

"Subhanallahi! Sannu ranka ya daɗe. Shigo ta nan, yanzun nan za a duba."

Ba kati, ba layi, ba wanda ya tambaye shi ko ya karye. Mutanen benci suka bi shi da kallo. Abin da ya fi ƙona wa Mai Wanki rai ke nan: wata tsohuwa da ta fi awa uku a zaune har janye ƙafa ta yi don kada silifas ɗinta ya taɓa gefen farin wandon.

Ta nufi Dogo, mai tura gadon marasa lafiya, wanda ke tsaye a lungu da gadonsa babu kowa a kai. Tare suka shigo aiki, a shekara ɗaya.

"Dogo, ka taimake ni ka shigar da shi."

"Yaya, wallahi tun ɗazu nake kallon sa, ban so yanayinsa ba," ya ce ƙasa-ƙasa. "Amma kin san dokar. Ba na motsa gado sai an ba ni umarni. In na shiga da shi haka, a ƙofa za a dawo da mu, a haɗa ni da takardar gargaɗi."

"Umarnin wa?"

"Na Sista. Ko na mai farar riga."

Ta tsaya tana kallon sa. Sannan ta juya ta sunkuya a kan mijinta, ta gyara masa zama.

"Kada ka kuskura ka yi barci. Ka ji ni? Ina zuwa."

* * *

Ɗakin wanki yana can ƙarshen asibiti, bayan kicin da ɗakin ajiyar gawa, inda ba a bi sai dole. Injuna biyu na ruri, tururi ya cika rufi, ƙasa a jiƙe kamar kullum. Mai Guga na bakin teburinsa, tsoho ne da ya fi kowa daɗewa a wurin, kunnensa ɗaya ya mutu saboda ƙarar injin.

"Yaya mai jikin? An shiga da shi?"

Ta wuce kai tsaye ta buɗe kabad ɗin fararen riguna.

Rigunan likitoci duk kamanninsu ɗaya, ba suna ba lamba, don haka tun tuni ta ƙirƙiro hanyarta ta gane su. A cikin wuyan kowace riga takan yi ɗan ƙulli da zare mai launi. Baƙin zare ƙulli ɗaya na likitan yara ne, wanda ke mance alawa a aljihu. Shuɗi ƙulli biyu na likitan tiyata ne, mai yawan gumin wuya. Masu rigunan ba su san da zaren ba, su dai kullum tasu ce ke dawo musu. A can ƙarshen layi akwai mai jan zare ƙulli uku, ta wata likita ce da ta tafi ƙaro karatu shekara biyu da suka wuce ba ta sake waiwayo ba. Mai Wanki ba ta bari ta yi ja ba, duk wata sai ta sake wanke ta ta rataye, don ba ta iya ganin farin kaya yana lalacewa a gabanta. Ita ta ciro.

Mai Guga ya ajiye dutsen guga a tsaye.

"Ke 'yar nan, me za ki yi?"

"Baba, awa biyu yana kan benci. Mai ciwon ɗan yatsa ya shiga."

"Za su kore ki."

"Su kora."

"Shekara goma sha tara fa."

"Shi kuma ashirin da uku muna tare. Wanne zan ajiye?"

Tsohon ya dube ta. Sai ya miƙo hannu. Ta ɗauka ƙwacewa zai yi, har ta ja da baya, amma shimfiɗa rigar ya yi a kan tebur, ya yayyafa ruwa, ya bi wuyan da guga sau biyu, ya bi gaban, ya ɗaga ya karkaɗe.

"In za ki yi, ki yi daidai," ya ce. "Na fi shekara talatin ina kallon su. Kada ki yi gudu. Kada ki gai da kowa, ki bari a gaishe ki. Kada ki sunkuyar da kai. Wannan kalma taki ta 'don Allah' kuma ki bar min ita a nan, in kin dawo kya karɓa."

Ta cire koren ɗankwalin aiki, ta ɗaura baƙin mayafin da take zuwa da shi daga gida. Ta zura hannu ɗaya, ta zura na biyu. Rigar da ɗuminta, ta sauko har ƙasan gwiwa, ta rufe koriyar ruf. Tana ɓalla maɓalli na ƙarshe ta ji kafaɗunta sun koma baya da kansu, wuyanta ya miƙe, numfashinta ya sauka har ciki. Ta hango kanta a murfin injin, wata mata doguwa da ba ta taɓa gani ba. Gaskiya ta ji daɗi, kuma daɗin ya ba ta haushi. Yadi uku ne da zare, ta san ko'ina a jikinsa, ta san inda ya fara saki a hammata. Ashe abin da ya raba ta da zama mutum ke nan duk shekarun nan, kuma a kabad ɗinta yake rataye.

"Takalmin fa?" Mai Guga ya nuna takalmin robarta, wanda ruwan bilic ya ci launinsa.

"Wa zai kalli ƙasa?" ta ce, ta fita.

* * *

Sai a ranar ta gane cewa shekara goma sha tara gefen bango take bi. Ko ba kowa a barandar, ko ba ta ɗauke da kwando, jikinta ya saba da raɓewa. Yau ta bi tsakiya. Ɗalibai biyu da ke hira a bakin ɗakin magani suka dare, ɗaya ya ɓoye wayarsa a baya. Mai gadin da ya saba yi mata tsawa a kan ta bi ta ƙofar baya ya ƙame, ya buɗe mata duka ganyen ƙofar biyu.

"Barka da aiki, likita."

Ba ta rufe fuska ba, ba ta sa tabarau ba. Fuskarta ce ta ɗazu, har da tabon da ruwan zafi ya bar mata a haɓa. Ba ta kuma yi gudu ba.

Ta hango mijinta tun daga ƙofa. Ya zame daga jinginar, kansa ya langwaɓe a kafaɗar tsohuwar nan, idonsa rabi a buɗe. Ta haɗiye ihun da ya taso mata. Ta tsaya a gaban tebur, ta ɗora hannu ɗaya a kan littafin Sista.

"Mutumin can mai rigar fenti, daga tsani ya faɗo. Cikinsa na kumbura, jikinsa ya yi sanyi. A duba shi yanzu."

Biro ya faɗi. Sista ta miƙe, ta dubi farar rigar, ta dubi benci, ta sake duban rigar.

"Yanzu likita, yanzun nan. Wallahi ba wanda ya faɗa min. Dogo! Dogo, kawo gado! Kai wane irin mutum ne, kana tsaye mara lafiya na kwance?"

Dogo ya turo gado a guje. Da ya sunkuya zai ɗaga ƙafafun Bakan-gizo, idonsa ya sauka a kan takalmin roba. Ya ɗago a hankali ya dube ta. Ta dube shi. Bakinsa ya motsa, sai ya gyara murya.

"Ranki ya daɗe likita, a riƙe masa kai."

Suka shiga ƙofar da ta yi awa biyu tana kallo. Aka kira likitan da ke bakin aiki, ya fito daga ɗakin da ake naɗe ɗan yatsan mai turare. Ya yanke rigar fenti da almakashi tun daga wuya har ƙasa, ya danna cikin, ya auna jini, nan take fuskarsa ta sauya.

"Tun yaushe yake nan? Jini na zuba masa ta ciki! A kira tiyata, a sa ruwa hannu biyu, a nemo jini. Maza!"

Ɗakin ya hargitse. Mutum shida suka rufu a kan mutumin da ba wanda ya ga ya isa a miƙa masa ko kati. Kafin a tura gadon Bakan-gizo ya buɗe ido, ya daɗe yana kallon farar rigar, sannan ya kai fuskar.

"Hajiyar Kumfa," ya ce, da ƙyar ake jin sa, "ƙarin girma aka yi miki ba ki faɗa min ba?"

Allah ya taimaka hayaniya ta rufe maganar. Aka tura shi, ƙofar ɗakin tiyata ta rufe, jar fitilar samanta ta kama.

Sista ta biyo ta da takarda da biro, har tana ɗan rusunawa.

"Likita, a sa mana hannu a nan, wanda ya ba da umarnin shigar da shi. Ban gane sashen da kike ba, sabuwa ce ke?"

Mai Wanki ta dubi takardar. Ta san tana iya juyawa ta bi baranda ta ɓace, ta mayar da riga kabad, gobe a yi ta neman wata likita mai baƙin mayafi har a gaji. Dogo ba zai yi magana ba, Mai Guga kuwa zai ce kunnensa ne bai ji ba. Amma maganar nan ta Sista, wai ba wanda ya faɗa mata, ta tsaya mata a rai, ta ƙi wucewa.

Ta fara ɓalle maɓallan ɗaya bayan ɗaya. Ta cire rigar, ta haɗa kafaɗa da kafaɗa, ta mayar da hannayen ciki, ta ninke uku kamar yadda take yi kullum, ta ɗora a kan takardar da ke hannun Sista.

"Ba sabuwa ba ce. Ni ce ta ɗazu. Sau uku na faɗa miki."

* * *

Saifarsa ce ta fashe, aka cire ta. Ya rayu. Kwana biyu bai san inda yake ba, a na uku ya farka yana tambayar wa ya rufe masa gwangwanin fenti kada ya bushe.

Autarsu ta zo da jaka. Da ta ji yadda aka yi, ta buɗe akwatin babanta ta ɗauko rigarsa ta fita kunya, ruwan toka mai aiki a wuya, wadda ya ɗinka lokacin auren babbar 'yarsu bai kuma sake sawa ba.

"Umma, ya riƙa rataya ta ko a kafaɗa ne," ta ce. "In suka ga mai kaya ne za su fi kula da shi."

Mai Wanki ta buɗe baki za ta yi mata faɗa, sai ta rasa da wane bakin. Ta karɓa ta sa a ƙarƙashin matashi.

A kwana na biyar aka kira ta ofishin Sakataren asibiti. Ta wanke koriyar rigarta, Mai Guga ya yi mata gugar da bai taɓa yi wa rigar babban likita ba, har hannun na iya yanka. Ta shiga ba ta raɓe ba. Sakatare na tsakiya cikin kwat, Sista a hagunsa, likitan tiyata a damansa yana wasa da makullin mota. Ba a ce ta zauna ba, sai ta ja kujera ta zauna.

Sakatare ya tura mata takarda. Ya ce asibiti ya duba tsawon shekarunta, ya kuma duba halin da ta shiga, don haka za a yi mata sassauci. Ta sa hannu cewa ta yi ƙaryar ita likita ce, ta yaudari ma'aikata, ta nemi afuwar Sista, sai a tsaya a dakatarwar wata uku.

"Ranka ya daɗe, a karanta min wurin da na ce ni likita ce."

"Kin sa rigar likita."

"Na sa. Wannan laifina ne, ban musa ba, a rubuta shi zan dangwala. Amma Sista ga ta nan, ta faɗa a gaban Allah, na ce mata ni likita ce?"

Sista ta kau da kai. "Shigarta ce ta nuna."

"Abin da na faɗa da koriya shi na faɗa da fara. Kalma ɗaya ban ƙara ba. 'Don Allah' ɗin kawai na cire."

Likitan tiyata ya yi wani ɗan tari. Ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, gaskiya da an ƙara rabin awa da ba a same shi ba. Sakatare ya ce ba wannan aka zauna tattaunawa ba. Likitan ya koma kan makullinsa. Mai Wanki ta dubi wuyan rigarsa. Shuɗi ƙulli biyu. Kwana biyar kacal ba ta taɓa ta ba, har gumi ya fara zana mata layi.

"Kin san haɗarin abin da kika yi?" Sakatare ya ɗaga murya. "In kowa ya ga dama ya zura farar riga, ina asibiti zai kwana?"

"Na sani, ranka ya daɗe. Shi ya sa ban taɓa ko allura ba. Ni ma ina da tambaya. A takardar nan an rubuta awa nawa ya yi a benci?"

"Ba ke za ki yi mana tambaya ba."

"An rubuta mai ɗan yatsa?"

"Za ki sa hannu ko ba za ki sa ba?"

Ta tuna ɗakin hayarsu, da mijin da likita ya ce ba zai hau tsani ba sai bayan wata huɗu, da Auta da ke shekarar ƙarshe a makaranta. Tsoro take ji, ba ta yaudari kanta ba. Amma ta ga in ta sa hannu, abin da zai zauna a cikin fayil shi ne wata mai wanki ta yi ƙarya, benci kuma bai yi komai ba. Ta mayar masa da takardar da yatsa biyu, a hankali, don kada ta yamutse.

"Neman afuwa kan riga, zan nema wurin mai rigar in ta dawo. Ita kaɗai na ɗaukar wa kaya."

Da ta kai ƙofa ta juyo ta dubi likitan tiyata.

"Likita, na gode da aikin da ka yi masa, Allah ya saka. Ka ce wa wadda za a kawo a madadina ta jiƙa wuyan rigarka da ruwan ɗumi kafin ta sa a inji. In ba haka ba ba ya fita."

* * *

Ranar da aka sallami Bakan-gizo ta leƙa ɗakin wanki ta kwashi silifas ɗinta da kofin shayinta. Mai Guga ya nuna mata kabad da haɓa. An kafa masa sabon kwaɗo, babba, mai ruwan zinare, makullin na ofishin Sakatare. A bango an manna sanarwa cewa daga yau ba mai taɓa farar riga sai da izini a rubuce.

"Sun gyara matsalar," in ji tsohon. Ya laluba aljihu kamar mai neman wani abu. "Ga ajiyarki, 'don Allah' ɗin da kika bari."

"Riƙe, Baba. Na bar maka."

Auta ta taimaka wa babanta ya sa rigar ruwan tokar. Ta yi masa yawa yanzu, amma ta karɓe shi, har wani nas da bai taɓa yi masa magana ba ya ce Allah ya ƙara sauƙi, Alhaji. Rigar fentin da aka yanke tana cikin jaka. Mai Wanki ta ƙi yarda a jefar, ta wanke, ta haɗe tsagar da manyan ɗinki.

Hanyar fita ta ɗakin gaggawa ta bi. Suna tafe a hankali, shi a tsakiya yana dafe da kafaɗarta, sai ta ji wata murya a gaban tebur.

"Don Allah Sista, ƙirjinsa ne. Tun safe yake cewa hannunsa ya mutu. Don Allah."

"Yana jini? To ya bi layi."

Wata Sista ce daban, ba ta ranar ba. Matar da ke roƙon ƙarama ce, mayafinta ya koɗe. Ta koma benci wurin wani mutum da man inji ya rine masa riga da wando, har ba a gane asalin launinsu. Yana zaune a daidai inda Bakan-gizo ya zauna, gumi na tsattsafo masa, leɓensa ya yi fari.

Mai Wanki ta tsaya. Bakan-gizo ya bi idonta, ya dubi mutumin, ya dube ta.

"Hajiyar Kumfa, kada ki ce abin da nake zato."

"Ɗaga hannu."

"Rigar auren 'yata fa."

"Ɗaga a hankali, kada ɗinkin ya motsa."

Ya ɗaga. A tsakiyar ɗakin, a gaban kowa, ta zare masa rigar ta ka, ta ciro ta fentin daga jaka ta sa masa. Auta ta rufe fuska don kunya. Mai Wanki ta je ta durƙusa gaban matar.

"Ƙanwata, taya ni. Sa masa wannan a kan ta jikinsa. Goge masa fuska da mayafinki, ɓoye hannuwan a ciki."

"Baiwar Allah, ban gane ba..."

"Ba sai kin gane ba. In kin koma tebur kada ki rusuna, kada ki roƙa. Ki ce Alhaji ne ba lafiya."

Ba ta jira godiya ba. Ta kama mijinta suka nufi ƙofa, ta tsakiya, shi da launukansa bakwai da ɗinki a ƙirji, ita da kofin shayi a hannu. Mai gadi bai buɗe musu ko ganye ɗaya ba, da kafaɗa ta tura.

Kafin ƙofar ta rufe ta ji ƙarar kujera an ture ta baya da sauri, da muryar Sista tana kiran Dogo ya kawo gado. Ba ta waiwaya ba. Ta cikin gilashi Auta ce ta ga sauran mutanen benci sun matsa sun cike gurbin, kowa da kayan da ya zo da su.